Wa Ya Koya Wa Gawo, Wa Kuma Ya Koya Wa Sauro?

Kafin ka shiga wannan karatu, ɗauko Littafi Mai Tsarkinka ka buɗe Ayuba sura 38 da 39, ka karanta su a natse. Can za mu koma. Amma da gona zan fara.

A tsakiyar gonar mahaifina akwai wani tsohon gawo. Sauran itatuwa mukan sassabe su in sun tare shuka, amma shi ko reshe ba ka isa ka sara ba. Ina yaro na tambayi Baba dalili, ya ce in zuba ido zan gani da kaina. Na kuwa gani. Da ruwan fari ya sauka, lokacin da kowane itace ke fitar da sabon ganye, sai gawo ya kakkaɓe nasa, ya tsaya tsirara kamar ya mutu. Gero da dawar da ke ƙarƙashinsa su sha rana yadda suke so, ganyen da ya zubar ya ruɓe ya zama taki. Da kaka in ka zagaya gonar, zangarniyar gindin gawo ta fi kowace kauri. Sa'an nan da rani, sa'ad da ƙasa ta bushe, ciyawa ta ƙare, sai gawo ya yi kore shar. Shanu da awaki su fake a inuwarsa, su ci 'ya'yansa, su bar kashinsu a wurin, taki a kan taki.

Daga baya malaman gona suka ƙara mini bayani. Saiwar gawo tana nitsewa can ƙasa har ta tarar da ruwa, shi ya sa rani ba ya damunsa. Dangin wake ne, a saiwarsa akwai wasu ƙananan halittu da ke jawo sinadarin naitirojin daga iska, wato abin nan da muke saye da tsada a buhun yuriya. Manoman Damagaram da Maraɗi sun san wannan, suna barin gawo ya girma a gonakinsu. Baba bai taɓa shiga aji ba, amma yakan dafa jikin itacen ya ce, "Wa ya koya masa?" Bai san cewa tambayar da masu zurfin ilmi suka daɗe suna muhawara a kanta ke nan ba.

Da na shiga makarantar tauhidi na tarar da tambayar Baba a cikin littattafai. A shekara ta 1802 wani limamin ikkilisiyar Ingila mai suna William Paley ya rubuta littafi a kanta. Misalinsa shi ne: in kana tafiya a daji ka yi tuntuɓe da dutse, ba za ka damu da yadda ya zo wurin ba. Amma in agogo ka tsinta, ka buɗe shi ka ga ƙafafun ƙarfe suna juya juna, kowane haƙori ya shiga gurbinsa, duka domin a nuna lokaci, ba mai rinjayarka cewa iska ce ta tara su. Agogo yana da maƙeri. To, in ji shi, idon mutum ya fi agogo tsari nesa ba kusa ba, saboda haka ido ma yana da Maƙeri.

Na ƙaunaci wannan hujja. Na yi wa'azi da ita a kasuwa da bakin tasha, sai dai nakan sa rediyo a maimakon agogo. Har yau ban janye ta ba, gama Maganar Allah ma tana aika mu ga halitta mu duba. Zabura 19 ta sa sararin sama ya zama mai shela, dare da rana suna ba da labari ba tare da murya ba. Bulus ya gaya wa Romawa a sura ta fari cewa abubuwan da aka yi sun isa su nuna ikon Allah da allahntakarsa, har ba wanda zai kawo hujja. Da ya tsaya gaban mutanen Listira, waɗanda ba su san Musa ko annabawa ba, bai fara da Attaura ba, da ruwan sama da albarkar gona ya fara (Ayyukan Manzanni 14). Irmiya kuwa, a sura ta 8, da tsuntsaye masu ƙaura ya kunyata jama'arsa: su sun san lokacin zuwansu, mutanen Allah ba su san ka'idar Ubangijinsu ba. Mu nan ba ma bukatar a fassara mana wannan. Da ka ga shamuwa ta sauka a kan kuka, ka san lokacin gyaran gona ya yi. Rani take yi a kudancin Afirka, ta dawo ba taswira ba jagora.

Har hazon hunturu da ke tsattsage mana leɓe yana da aikinsa. Mafi yawansa daga wani kwari yake tasowa da ake kira Bodele, a arewa maso gabashin Tafkin Chadi, inda wani tsohon tafki ya ƙafe. Iska tana kwasar miliyoyin tan na wannan ƙura kowace shekara, wani kashi ya ƙetare Tekun Atalantika ya sauka a dajin Amazon na Kudancin Amurka, ya kai masa sinadarin fosfaras da ruwan sama ke wankewa daga ƙasarsa. Ƙurar Chadi tana ciyar da daji a wata nahiya. In ka ji wannan bakinka bai ce Halleluya ba, sai ka binciki zuciyarka.

Haka na yi ta wa'azi har wata Lahadi. Na yi magana a kan hikimar Allah cikin halitta, na kawo gawo, na kawo shamuwa, jama'a suna ta amin. Bayan an tashi sujada wata dattijuwa daga zumuntar mata ta jira ni a bakin ƙofa. Watanni kaɗan kafin nan mun binne jikarta, yarinya 'yar shekara huɗu. Ta gaishe ni da ladabi, sa'an nan ta ce, "Malam, na ji na gawo. Sauro fa, wa ya koya masa?"

Ban da "Mama, Allah ya ba da haƙuri" ba abin da ya fito daga bakina. Na koma gida ban iya cin abinci ba, domin na san tambayarta daidai take. In tsari shi ne hujja, sauro ma tsararre ne. Abin da muke gani kamar tsinke ɗaya a bakin macen sauro allurai ne guda shida a cikin kube, waɗansu na yanka fata, wata na zuba yawun da ke hana jini daskarewa, wata na zuƙa. Tana gane mutum cikin duhu ta numfashinsa da ɗumin jikinsa. Ƙwayar cutar da take ɗauke da ita, wadda likita Ronald Ross ya gano a cikin sauro a Indiya a 1897, ta fi ta wayo: ta fara ɓuya a hanta, ta hayayyafa, sa'an nan ta shiga jajayen ƙwayoyin jini ta fasa su. Da a ce Paley ya tsinci wannan a daji, dole ya ce shi ma yana da maƙeri. Hazon nan kuma da na yaba, a lokacinsa da zafin da ke biyo bayansa sanƙarau yake tashi. Waɗanda suka kai shekaruna suna tuna 1996, sa'ad da ya kashe dubban mutane a arewacin Najeriya.

Akwai abin da ya fi wannan nauyi, ya kuma shafi gidajenmu kai tsaye. Jikar Mama tana da sikila, zazzaɓin ya same ta jikinta ba ƙarfi. Ka san yadda abin yake: wanda ya gāji ƙwayar daga iyaye biyu, wato SS, jajayen ƙwayoyin jininsa sukan lanƙwashe kamar lauje, su toshe ƙananan hanyoyin jini, yaro ya yi ta ihu da ciwon ƙashi. Amma wanda ya gāje ta daga gefe ɗaya, wato AS, lafiyarsa ƙalau, har ma yana da kāriya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Wani likita da ya tashi a Kenya, Anthony Allison, shi ya tabbatar da wannan a 1954. Shi ya sa ƙwayar ta yi yawa a ƙasashen da sauro ya yi yawa: yaran AS sun fi tsira, suka girma, suka haifa. A Najeriya wajen mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da ita. In AS ya auri AS, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS.

Tsaya ka yi tunani a kan wannan, ɗan'uwa. Abu ɗaya ne, garkuwa ga 'ya'ya da yawa, azaba ga waɗansu. Me za mu kira shi? Kyauta ko la'ana? Mai wa'azin da ya iya bayanin gawo kaɗai, ya ga sikila ya kau da kai, rabin halitta yake wa'azi.

Ba mu ne farkon waɗanda suka yi tuntuɓe a nan ba. Charles Darwin ya yi karatu a Jami'ar Kambirij da niyyar zama limamin ikkilisiya, ya karanta Paley ya kuma yaba masa ƙwarai. A 1859 ya fitar da littafinsa da ke cewa tsarin da muke gani a jikin halittu yana iya samuwa a hankali: 'ya'ya suna bambanta da juna, waɗanda bambancinsu ya dace da wurin zamansu su suka fi rayuwa su bar zuriya, a kwana a tashi siffa ta canja. A 1860 ya rubuta wa abokinsa Asa Gray, masanin tsirrai a Amurka, cewa yana yi masa wuya ya yarda Allah mai alheri ya tsara wani irin zanzaro da gangan domin 'ya'yansa su riƙa cin tsutsa tana da rai. Ka san wani mai kama da shi, wanda ke gina ɗakin laka a kusurwar bango ya cusa tsutsar da ya sumar. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, tun 1851 Darwin ya rasa 'yarsa mai shekara 10. Ba na tsammanin tsutsa kaɗai ce a zuciyarsa. A wannan wasiƙa kuma ya ce ba ya iya gamsuwa cewa duniya mai ban mamaki haka ta fito daga makahon ƙarfi kawai. Shi kuwa Asa Gray ya karɓi yawancin bayanin Darwin, ya kuma mutu yana mai bin Kiristi.

Na kawo wannan ne saboda 'ya'yanmu da ke jami'a. Sukan dawo hutu da tambayoyi, mu kuwa mukan tsawata musu kamar tambayar ce aljani. Masu bi na gaskiya sun sha bamban a kan yadda za a fahimci kwanakin Farawa sura ta fari, ba a wannan ɗan littafi za mu raba gardamar ba. Amma kada mu musa abin da idonmu ya gani. Muna yara kulorokwin yana warkar da zazzaɓi. Ƙwayoyin cutar da suka iya jure masa suka tsira suka yaɗu, har a 2005 Najeriya ta sauya maganin da ake fara bayarwa. Wannan canji ne a cikin halitta, a zamaninmu, kuma bayaninsa shi ne irin wanda Darwin ya bayar. In ka gaya wa ɗanka ƙarya ne, ranar da ya gani a ɗakin gwaji zai ɗauka sauran abin da ka koya masa ma haka yake.

To, in kimiyya ta bayyana yadda abu yake faruwa, Allah ya tashi ke nan? Ka taɓa tsayawa kusa da mai kalangu? Baƙon da ya zo da na'ura zai iya auna kome: irin fatar, yadda matse tsarkiya a hammata ke ɗaga sauti, yadda sakinta ke saukar da shi. Duk abin da zai faɗa gaskiya ne, ba a bar kome ba. Amma mahaucin da ke can gefe ya ji takensa ne, ya miƙe tsaye. Bayanin fata da tsarkiya bai soke cewa ana kiran wani ba, haka kuma jin kiran bai sa bayanin ya zama ƙarya ba. Na'ura ba ta da kunnen jin take, ba don ta lalace ba, don ba aikinta ba ne. Masanin da ya ce ya auna duniya bai ga nufi ba, ya faɗi gaskiya game da ma'auninsa. In ya ƙara da cewa saboda haka babu nufi, ya bar kimiyya ya shiga nasa irin wa'azin.

Mu ma muna da namu kuskuren, kuma ya fi yawa a bagadenmu. Mukan ajiye Allah a wurin da ilmi bai kai ba tukuna. Mu ce, "Likitoci sun kasa bayyana wannan, ashe Allah ne." To, ranar da suka bayyana fa? Kowace shekara ɗakin da ka ba shi yana ƙara ƙanƙancewa. Ka tuna ranar 29 ga Maris, 2006, da rana ta yi husufi, duhu ya ratsa arewacin Najeriya da Nijar da hantsi, kaji suka nufi akurki. Tun da makonni rediyo ya faɗi ranar da sa'ar. A da yara kan fita da gwangwani suna kiɗa suna roƙo a saki wata in an yi husufi. Yanzu ana lissafa shi shekaru kafin ya zo. Wannan ya rage Allah? Ni a wurina ya ƙara nuna amincinsa. Ana iya lissafin ne domin rana da wata ba sa saɓa alkawari, kuma tun a Farawa 8 ya yi wa Nuhu alkawarin cewa shuka da girbi, sanyi da zafi, ba za su fasa ba. Allahn da muke bauta wa yana cikin abin da aka gane kamar yadda yake cikin abin da ba a gane ba. Haihuwar da ungozoma ta karɓa lafiya aikinsa ce daidai da wadda aka yi bayan shekara goma ana azumi.

Sai dai duk wannan bai amsa wa Mama ba. Ya nuna cewa kimiyya ba ta kori Mai Halitta ba, amma ita ba ta yi shakkar akwai shi ba. Tambayarta ita ce wane iri ne shi, me kuma yake nufi da ita. A nan hujjar agogo take tsayawa. Ganin Dala ba shiga birni ba ne. Agogo zai gaya maka maƙerinsa gwani ne, ba zai gaya maka ko yana ƙaunarka ba. Mutumin da ya karanta halitta kaɗai, da safe zai ce Allah mai alheri ne, da dare in sauro ya fito ya ce mugu ne, ko ya ce alloli biyu ne suke kokawa. Yawancin tsafin kakanninmu daga irin wannan karatu ya fito.

Akwai kuma masu gaggawar cike gurbin, kuma da baƙin ciki nake cewa a cikinmu suke. Yaro ya kwanta da sikila, wani ya tashi ya ce an nuna masa kishiya ce, ko kaka ce mayya, ko zunubin uwar ne. Na ga gidan da irin wannan "wahayi" ya raba, alhali takardar gwajin jini ta naira kaɗan ta isa ta faɗi dalilin. Na gaskata da baye-bayen Ruhu Mai Tsarki, na ga Ubangiji ya warkar, ba zan daina ɗibiya hannu a kan marasa lafiya ba. Amma Ruhun gaskiya ba ya ɗora wa tsohuwa laifin abin da ke cikin jinin iyaye biyu. Almajirai sun yi irin wannan tambaya a Yohanna 9 game da wanda aka haifa makaho, ko shi ne ya yi zunubi ko iyayensa. Yesu ya ƙi zaɓar ko ɗaya, ya juya maganar daga neman mai laifi zuwa aikin da Allah zai yi, ya kuwa buɗe idon. A Luka 13 ma ya ƙi yarda cewa mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa sun fi sauran mutanen Urushalima laifi.

Yanzu koma ga Ayuba da ka karanta. Mutumin ya binne 'ya'ya goma. Abokansa uku sun zo da cikakken bayani, kowane abu a gurbinsa kamar agogo: mai adalci yana cin riba, mugu yana shan wuya, kai kana shan wuya, saboda haka ka san abin da ka yi. Da Ubangiji ya yi magana daga cikin guguwa, ka lura da abin da ya yi. Halitta ya nuna wa Ayuba, amma ba irin wadda nake zaɓa a wa'azina ba. Ya nuna masa ruwan da yake zubarwa a jejin da ba mutum ko ɗaya. Ya nuna masa jakin jeji da ba ruwansa da hayaniyar gari, ba mai ɗora masa kaya. Ya nuna masa jimina, wadda ke barin ƙwanta a ƙasa inda ƙafa za ta iya takawa, ya ce shi ne bai ba ta wayo ba, amma in ta zabura doki da mahayinsa abin dariya ne a wurinta. Ya nuna masa zaki yana farauta, da 'ya'yan gaggafa suna shan jini. Bai ɓoye farce da haƙori ba, bai kuma ce wani ne ya yi su ba.

Na daɗe ina juya wannan a raina. Ni na yabi gawo ne domin yana yi wa geronmu amfani. Ashe ma'aunina na hikimar Allah shi ne rumbunmu. Amma ga ruwa yana zuba inda ba gona, ga dabbar da ba ta yi wa kowa aiki, Allah kuma yana murna da su. Nufinsa ya fi ni faɗi. Wannan yana ƙasƙantar da mutum, yana kuma hutar da shi, gama in ba ni ne tsakiyar kome ba, to ba kowane abu da ya same ni ne saƙo game da laifina ba. Ayuba bai taɓa jin labarin abin da ya faru a sura ta 1 da ta 2 ba. Bai sami dalili ba, Mai dalilin ya samu. A sura ta 42 kuwa abokan nan masu cikakken bayani su Allah ya yi fushi da su, ya ce Ayuba mai kuka da gardama shi ya faɗi daidai game da shi.

Sabon Alkawari ya ƙara mana abu biyu da gawo ba zai iya faɗa ba. A Romawa 8 Bulus ya kwatanta dukan halitta da mace mai naƙuda, tana nishi, tana jiran a 'yantar da ita daga ruɓewa. Wato duniyar da kake gani ba ta kai inda za ta ba, ba kuma yadda za ta tabbata ke nan ba. Wanda ya shiga ɗakin haihuwa a tsakiyar naƙuda, bai san abin da ake jira ba, zai ce kisa ake yi. Saboda haka ba dole ba ne ka kira sikila abu mai kyau domin ka kāre sunan Allah. Littafi bai kira mutuwa abokiya ba, maƙiyiya ya kira ta.

Na biyun shi ne gicciye. Kolosiyawa sura ta fari ta ce ta wurin Kiristi aka yi kome, dominsa aka yi, shi ne kuma yake riƙe da su. To, wannan da ya tsara jijiya, shi aka huda wa jijiya da ƙusa. Wanda ya yi ƙaya, ita aka kitsa masa a kā. Maƙerin agogon Paley yana zaune a shagonsa, agogo yana daji. Namu Maƙerin ya shigo cikin abin da ya ƙera, ya ji ƙishi, ya yi kuka a kabarin abokinsa. A ranar Fentikos, da Ruhu ya sauko, Bitrus ya faɗi abu biyu game da mutuwar Yesu a numfashi ɗaya: mugayen mutane ne suka kashe shi, kuma bisa ga shirin Allah aka bashe shi. Bai sassauta muguntar ba, bai kuma ce abin ya kuɓuce wa Allah ba. Ran Juma'a ba wanda ya tsaya a gindin gicciye ya ga tsari. Sai ran Lahadi. Ni dalilin da ya sa na gaskata akwai nufi har a inda ban gan shi ba ke nan, ba don na iya lissafa amfanin sauro ba.

In kuwa haka ne, yaƙi da sauro ba gāba da shirin Allah ba ne. Yesu bai taɓa gaya wa kuturu ya haƙura haka aka tsara ba. Hankalin da ya gano ƙwayar cuta, ya ƙera gidan sauro, ya haɗa magani, shi ma cikin halitta yake, Allah ne ya ba da shi tun da ya sa Adamu a gona ya nome ta ya kiyaye ta. Saurayi da budurwa, in ikkilisiya ta ce ku kawo sakamakon gwajin jini kafin a sa rana, ba rashin bangaskiya ba ne, ku je tun kafin zuciya ta yi nisa. Uwa, ki rataya gidan sauro, ki kai yaro asibiti a daren da zazzaɓi ya fara, ki yi addu'a a hanya, ki kira dattawa su same ki a can. Iyalin da kuma Allah ya riga ya ba ɗa mai sikila, kada kowa ya sa ku sunkuyar da kai a cikin sujada. Yaron nan cikin siffar Allah aka yi shi, ba kuskure ba ne.

Bayan mako biyu na je gidan Mama. Na tarar tana tsince wake a faifai. Na ce mata, "Mama, wa'azin da na yi ran nan rabi ne, na zo in nemi gafara." Na buɗe Ayuba 38 na karanta mata, da na kai wurin ruwan da ke zuba a jejin da ba kowa sai ta ce in sake karantawa. Na sake. Ta yi shiru, hannunta na cikin waken. Can ta ce, "Malam, ƙanen yarinyar ma an ce SS ne. Uwarsa tana tsoron kai shi asibiti, wai an gaya mata a wani wurin addu'a kada ta yarda a ƙara masa jini." Muka yi addu'a a nan tsakar gida, sa'an nan ta ajiye faifan, ta ɗauko mayafinta, muka tafi gidan surukar tata tare.